Akwatin da Sadisu ya ce kada a buɗe

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Dakta Sadisu, a hatsarin babur kan hanyar Roni zuwa Kazaure. Allah ya jiƙansa. Na taso da karatun littattafan da ake haya a kasuwa, inda saurayi ke haɗa budurwarsa da farin wata. Nawa mijin bai taɓa yi mini haka ba. Hirarsa kullum haske ce da ƙwayar zarra.

A ƙasar waje yake aikin bincike. Ya ce suna da wani ɗan faifai da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, mai kaɗawa kamar fatar ganga. Sai su haska shi, su jera ƙwayoyin zarra a gefe, su auna ƙarfin riƙon da ke tsakaninsu. Na tambaye shi yadda ake auna abin da ido ba ya gani. Ya ce, "Hafsatu, ki taɓa ɗaya, ki duba ko ɗayan ya motsa. Gwargwadon motsin, gwargwadon riƙon." Duk karatuna ban ci karo da kalamin da ya kai wannan daɗi ba.

A zuwansa na ƙarshe ya biyo ta gida da faifan da ya ƙera da hannunsa, a rufe cikin ɗan akwatin ƙarfe, zai wuce da shi inda za a yi awon da ya kwashe ƙuruciyarsa yana shiryawa. Ya gargaɗe ni cewa ƙura kaɗan ta isa ta kashe shi. Bayan rasuwar, abokin aikinsa ya bugo mini waya, ya ce zai turo a karɓa, a ƙarasa aikin da sunan Sadisu. Ina cikin takaba, ba halin in kai da ƙafata.

Kafin ɗan aiken ya iso, wansa Yaya Habu ya zo daga Gwiwa don rabon gado. A danginsu komai na mamaci sai an baje shi a tabarma kowa ya gani da idonsa. Daga bayan labule na ce, "Yaya, don Allah a sa akwatin a rabona, kada a buɗe."

Ya ce, "Abin da kika maƙale wa haka ai ba banza ba ne. Zinare ne?"

Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin. Abin da ke ciki bai wuce farce ba. Ya hura shi, ya goga da babban yatsa, ya ɗaga sama yana neman abin gani. Sannan ya juyo wajen labulen ya ce, "Amarya, ashe mijin naki iska ya yi ta gadi shekarun nan." Aka yi dariya a tabarmar da aka karɓi gaisuwar mutuwarsa.

Faifan ya lalace ke nan. Abokan aikinsa sun sake ƙera sabo daga farko, wasu suka riga su yin awon. Ban ƙara jin an ambaci Sadisu a can ba. A nan kuwa Yaya Habu ba ya zama a taro bai ce ƙanensa masani ne da Turawa ke ji da shi ba. Ran kasuwar Gwiwa na ga akwatin a rumfarsa, ƙusoshi yake zubawa a ciki. Nakan ce da Sadisu zai leƙo, me zai ce? Na san shi, ba zai yi faɗa ba, gyara wa wan nasa murfin zai yi. Ni ban gaji wannan hali ba, kuma ban yafe ba.

Bai bar ɗa ba, aikinsa bai fita ba. Ma'auninsa kaɗai ya bar mini, na kuwa gwada shi. Mutuwa ta taɓa Sadisu, na duba danginsa ɗaya bayan ɗaya ban ga wanda ya motsa ba. Ni ce har yau ban daina kaɗawa ba.