Mai Rula da Muryar da Ke Falonmu

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isa ofis, masu shara ba su ma gama ba. Sai ya rataye hularsa a ƙusa, ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna kwamfutar da ke lungu kusa da taga. Daga nan ya zaro rular katako daga aljihu, irin ta 'yan makaranta, ya kara ta a jikin gilashin kwamfutar. Ya karanta layi ɗaya, ya sauke rula. Ya karanta na gaba, ya sauke rula. Shayinsa na gefe yana hucewa. Shekara ashirin da biyu ke nan a haka, shi ya sa ko matarsa Mai Rula take ce masa in ranta ya ɓaci.

Ni ban iya karatu ba, amma ya yi min bayanin abin da yake dubawa har ya zauna min. Wai kowace kwamfuta tana da katanga, 'yan boko na ce mata fayawol, kuma katangar na da mai gadi. Mai gadin nan ga aiki ga surutu. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya rubuta: wane ya zo, ƙarfe kaza, ta ƙofa kaza, na kore shi. Rubutun yana taruwa a wata rajista can ciki, wasu layukan baƙaƙe, wasu jajaye. Mutane in sun ga ja sai su firgita. Shi kuwa yawanci hamma yake yi.

Wurin aikin nasa wani ɗan asibiti ne mai hawa biyu. Tun da ya zo ba a taɓa kwashe bayanan mara lafiya ko ɗaya ba, saboda haka manyan wurin suka fara zargin ba shi da aikin yi. Wata nas ta ce min an taɓa tambayarsa a taro me yake yi duk yini, tun da ba abin da ke faruwa. Ya ce, "Ai aikin ke nan, ranka ya daɗe." Aka yi dariya, aka koma maganar fanka.

In ya tashi ƙarfe huɗu, sai ya zama namu, mu maƙwabtansa. Gidanmu bene ne mai ƙofa goma sha biyu, shi yana hawa na uku, kuma gwiwarsa ba ta fi tawa lafiya ba. Kafin ya kai ƙofarsa an tare shi sau uku a matakala. Malamar da ke hawa na ɗaya ta shaida cewa shi ya hana ta amfani da sunan 'yarta a kalmar sirri, sunan da take ƙwala wa kira ta taga sau goma a rana. Tela ma ya shaida. Shi tasa kalmar a takarda ya rubuta, ya liƙa a goshin kwamfutar, a shagon da kowa ke shiga.

Tawa shaidar ita ce wannan. Marigayi mai gidana direba ne. A shekararsa ta ƙarshe 'yata ta riƙa ɗaukar muryarsa a waya: yana gardama da rediyo, yana tari, yana neman abin da ke hannunsa. Shekara arba'in da ɗaya ina jin muryar nan, ban ce kowa ya ajiye min ba. Amma an ajiye, a kwamfutar falo. Wayar kuma daga baya ta faɗa bokiti, don haka babu muryar a ko'ina sai nan. 'Yata ta nuna min inda ake dannawa. Nakan danna wani lokaci, in gidan ya yi shiru da yawa.

Sai surukina, wanda ake kira Na-Sani a bayan idonsa, ya sauko da wani abu daga intanet cikin kwamfutar don ya riƙa kallon ƙwallo. Tun daga ranar wani ɗan akwati ke leƙowa a kusurwar gilashin duk minti biyar, da jan rubutu da ƙara, ƙing! Kwana uku ana haka. Ran Asabar da rana ya tare Mai Rula a matakala.

"Malam, minti ɗaya kawai. Nuna min inda ake kashe fayawol ɗin nan, ta ishe mu."

"Me take cewa?"

"Kuskure, kuskure. Ta lalace ne kawai."

"Ka karanta?"

"Haba Malam, wa ke karanta wannan?"

Mai Rula ya shigo, ya gaishe ni, ya ja kujera, ya buɗe rajistar, ya kara rula. Layukan farko da sauri ya wuce su. "Waɗannan 'yan ƙwanƙwasa ne," in ji shi, "kowane gida suke bi." Can sai rular ta tsaya. Ya sauke ta kaɗan, ta sake tsayawa. Sai ya durƙusa da gwiwar nan tasa ƙarƙashin tebur, ya fizge wayar intanet.

"Kai, Malam, ana wasa fa!" in ji Na-Sani.

Mai Rula ya miƙe da ƙyar, ya juyo gare ni. "Inna, waɗancan daga waje suke neman shiga. Wannan kuwa daga ciki yake neman fita. Tare da abin ƙwallon ya shigo. Duk minti biyar yana zuwa ƙofa zai kira ubangidansa ya ce na shiga, ba ni izini in kulle musu komai. Mai gadi ne ya riƙe masa wuyan riga kwana uku yana ihu. Ihun ne ya dame ku."

'Yata ta ce, "Da an kashe fa, Malam?"

"Kafin ruwan shayi ya tafasa, hotuna da takardu da komai sun kullu. Ni kaina ba zan iya buɗewa ba."

Kowa ya sami wurin kallo ban da inda nake. Na ce wa 'yata, "Ki ce wa mijinki ya matsa daga teburin nan."

Har la'asar ta yi sanyi yana zaune. Ya kwafe komai a wani ɗan faifai, ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa. Ya wanke kwamfutar tas. Bai yi wa Na-Sani faɗa ba. Rular ya miƙa masa, ya sa shi karanta layukan da ƙarfi a gaban matarsa har ya iya bambance mai shiga da mai fita. Ni dai da faɗan ya yi masa da na fi so.

Da zai tafi ya ce, "Inna, bari mu gwada ɗaya." Ya danna. Sai ga muryar tsohon nan, mai gidana, ta cika falo: "Wai ina kika kai min makullina?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Yana aljihunka."

Mai Rula ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idon ya gaji, layukan sun fara hawa kan juna ko da rula. Asibitin sun ba shi agogon bango, mutumin da bai taɓa makara ba.

To, Mai Rula, kai ne mai gadin mai gadi. Kai ne ka zauna shekara ashirin da biyu kana sauraron ƙorafin da kowa ke neman maɓallin kashewa. An ce ba abin da ya faru a zamaninka, kuma gaskiya ne, mu da muka ga gwiwarka a ƙarƙashin tebur mun san dalili. Mun gode. Allah ya huta da idon nan, ya saka maka da alheri.

Ku kuma da kuka iya karatu, in abu ya dame ku da ƙara, ku zauna ku karanta abin da yake faɗa kafin ku kashe shi. Ko Na-Sani ya koya. Rular tana falonmu yanzu, duk Asabar yana kara ta a gilashi, leɓensa na motsi, layi ɗaya yana ɗaukarsa kamar zai haddace.

Tsohon kuwa har yau yana neman makullinsa, ni kuma ina gaya masa inda yake.