Jikokin Labbo

Ranar wata Asabar bayan an gama yankan gero, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, muka taru a rumfar Sanusi mai faci da ke hanyar tashar jirgi a Ƙauran Namoda domin mu raɗa wa ƙungiyarmu ta ƙwallo suna. Sanusi shi ne kocinmu, ba don ya taɓa buga wa kowa ƙwallo ba, sai don shi kaɗai ne a unguwar yake da famfo da usur. Yana tsoma tib ɗin keke cikin ruwa yana neman inda yake yoyo ya gaya mana za a yi gasar yara tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki, kuma an yarda mu shiga. Muka kaure da tsalle har muka kifar masa da ruwan. Sai da muka lafa ya faɗi sharaɗin: masu shirya gasar ba sa son jin sunan Turai ko ɗaya, kowace ƙungiya ta zo da suna na gida wanda zai nuna tushen garinta. Nan murna ta koma ciki, domin mu tuni mun raba sunayen 'yan wasan Turai a tsakaninmu. Ni da nake gola, sunan wani Bature nake amsawa wanda ko hotonsa ban taɓa gani ba.

Ɗanjuma ne ya fara magana, kuma maganarsa tana da nauyi domin ƙwallon fata ɗaya tilo da muke da ita tasa ce. In ya yi fushi ya ɗauke, sai mu koma ta tsumma. Ya ce a sa mana Jirgin Ƙaura. Muka juya muka dubi layin dogo, ga awaki kwance a kai suna tuƙa hankali kwance, domin su ma sun san jirgin ba ya zuwa sai ranar da ya ga dama. Wani ya ce Gero, tunda shi muke nomawa, aka ce ai 'yan Zurmi cewa za su yi sun daka mu sun dama fura. Aka kawo Gulbin Gagare, Sanusi ya tuna mana cewa da rani za a yi gasar, lokacin da gulbin ya koma yashi zalla ana wucewa da jakuna. Da aka ambaci Zakuna, Sanusi ya tambaya wa ya taɓa ganin zaki a ƙasar Ƙaura, wani ya ce kawunsa ya ga kura a hanyar Galadi, amma ba wanda ya yarda a kira shi kura. Wani yaro da mahaifiyarsa ke sayar da ƙuliƙuli ya buɗe baki, ba a ma bari ya ƙarasa ba aka rufe shi da ihu. Kafin la'asar an yi dambe sau biyu, Ɗanjuma ya rungume ƙwallonsa ya ce shi ya tafi gida.

Duk abin nan da ake yi, wani tsoho da ake kira Baba Nahantsi yana zaune yana jiran a gama masa facin kekensa. Sai ya ce, "Ku ɗiyan zamani, gari na da mazaje kuna neman suna ga dabbobi? Ba ku san Labbo na tasha ba?" Ya shiga ba mu labari: Labbo ɗan dako ne a tashar jirgi zamanin da ake lodin gyaɗa, mutumin da yake saɓa buhu a kowace kafaɗa yana tafe yana gaisawa da mutane. In kaka ta yi kuwa aka buga gangar kokawa, daga Shinkafi har Zurmi ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba.

Labbon nan kuwa kakana ne, mahaifin babana. Ban taɓa ganinsa ba, ba shi da hoto, kuma ban daɗe da sanin sunan ba, a bakin mutanen waje ma na tsince shi. A gidanmu ba a faɗarsa. Kakata Iya, wadda ta zauna da shi tun tana yarinya har Allah ya karɓi abinsa, ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. "Malam" take cewa, ko da yake karatunsa bai yi nisa ba. Innata suruka ce, ita ko kusa da sunan ba ta bi. Akwai wani mai kananzir a bakin kasuwa da ya ci sunan, in za su aike ni wurinsa sai su ce in je wurin mai sunan Malam. Saboda haka da na ji tsoho ya faɗi sunan kakana gaba gaɗi a bainar jama'a, sai na ji kamar an miƙo min wani abu nawa da aka daɗe da ɓoyewa. Na miƙe na ce shi za a sa, ko kuma su nemi wani gola. Ɗanjuma, da har lokacin bai tafi ba, ya ce ashe ƙungiyar ta zama ta gidanmu ke nan. Sanusi ya raba gardama: a ce Jikokin Labbo, kowa ya zama jika, Ɗanjuma kuma ya zama kyaftin. Aka tafa, aka watse.

Ban yi tunanin yadda za a ji a gida ba sai da muka biyo lungunmu a jere muna buga gwangwanaye muna ihun "Labbo! Labbo!" Innata tana tsakar gida tana surfe, na ji taɓarya ta tsaya cak. Da na shiga na iske ta ja mayafi ta rufe fuska, matan ƙannen babana sun shige ɗaki suna dariya ƙasa-ƙasa. Iya tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, maigidana take ce min, kullum tana ƙorafin ta auri rago wanda ko ciyawar tumaki ba ya iya yankowa sai an bi shi da tsawa. Tsohuwa ce mai kunne kamar na zomo: in na buɗe ƙwaryar furarta tana bayan gida, sai in ji ta ce, "Rufe, ɓarawo." Amma ranar ba ta yi min wasa ba. Ta ce, "Wa yab ba ku izni ku ɗauko sunan Malam kuna yawo da shi cikin lungu awa masu kiran akuya?" Na yi mata bayanin gasa da tushen gari da duk abin da Sanusi ya faɗa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Mutumin da bayanai bai taɓa ƙasa ba shina da rai, ku za ku kai shi hili a kada shi bayan ya mutu. Da waɗanga ƙahwahun naku awa karan dawa." Ta ce ko a sauya suna, ko in nemi wata mai ba ni fura.

Na koma wurin Sanusi washegari, amma aikin gama ya gama. Ya riga ya kai fararen singiletinmu wurin mai rubuta allon shaguna, an zana sunan da shuɗin fenti a bayan kowace, har fentin ya ratsa zuwa gaba. Baba Nahantsi kuwa ya bi majalisar tsofaffi ɗaya bayan ɗaya yana shela. Mahauta da 'yan dako da ba su taɓa kallon ƙwallo ba suka fara tsayar da ni a hanya suna matsa damtsena, su girgiza kai su wuce. A gida aka shiga wani hali. In maƙwabta suka tambayi Innata wace ƙungiya nake yi wa wasa, sai ta ce ta su wane. In ta wanke singiletina, a juye take shanya ta. Abokaina kuma suka ɗauki zaman jikoki da gaske: duk yamma in mun dawo daga atisaye sai su yi sallama su ce sun zo gaida amaryarsu, ina furar angwaye? Iya ta bi su da muciya tana cewa ita ba ta auri fara masu cinye gona ba. Sai dai na lura ƙwaryar da take dama fura a ciki ta sauya zuwa babba, kuma a gindin rumbu take mance ta, da ludaya fiye da ɗaya.

Ni dai ban ji daɗin kwanakin nan ba. Ina ɗibar ruwa a rijiya, ina kai wa tumaki harawa, ina taya babana ɗaure dammunan gero a kan amalanke, amma zancen Iya yana raina. Ni na jawo sunan nan fili, kuma ni ne zan tsaya a raga. Duk ƙwallon da ta wuce ni, kakana aka kayar.

Wasanmu na farko da Zurmi ne, a filin makarantarmu, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da bayan gidanmu. Da yaran Zurmi suka sauko daga mota sai muka ga yaran nasu har da masu gemu. Golansu na tabbata ya ajiye iyali. Fili ya cika, tsofaffin tasha sun zo da mai kalangu, Baba Nahantsi ya sha rawani kamar ranar Sallah. Ba a daɗe da farawa ba wani ɗan bayansu ya buga ƙwallo da ƙarfi, ta daki Ɗanjuma a gwiwa yana ƙoƙarin kaucewa, ta gangara cikin ragarsu. Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Mai kalangu ya saki kiɗan kokawa, tsofaffi suka jefar da sanduna suka faɗo fili, gari ya ɗauka, "Labbo! Labbo! Labbo na tasha!" Na ga Baba Nahantsi yana rawa yana share ido da bakin rawani. Daga nan kuma 'yan Zurmi suka tuna abin da ya kawo su. Suka yi ta zuba mana har na daina ƙirgawa. Na faɗi ta dama, na faɗi ta hagu, na faɗi da baya, sunan kakana da ke bayan singiletina ya sha ƙasa har ba ya karantuwa.

Sai da aka kira magariba na iya shiga gida, ina bin jikin katanga. Iya ba ta gindin rumbu. A bayan ɗakinta na same ta, ta jawo tabarma ta jingina da katangar da ke kallon filin makaranta, wurin da ba ta taɓa zama ba saboda tururuwa. Ga ƙwaryar fura a rufe kusa da ita. Ta turo min da ƙafa, ta ce maigida ya dawo daga yaƙi. Na fashe da kuka na ce an kayar da shi, kuma ni na jawo. Ta bari na yi mai isata, sannan ta waiga ta tabbatar ba kowa, ta rage murya. "Shi ma an taɓa kada shi a Moriki. Wani gajere yay yi mai ƙahwa. Ni nig gasa mai baya da ruwan zahi har ya warke. In kah hwaɗa ma kowa, na sake ka." Dariya ta ƙwace min cikin kuka har fura ta sarƙe ni.

Ta gyara bakin zane. Can ta ce, "Wanga ihu da nij ji da farko, wa yac ci?" Na ce mu ne. Ta ce, "Ku wa?" Na ce ƙungiyarmu. Ta ce, "Ba ta da suna?" Na dube ta, ba ta dube ni ba. A hankali na ce Jikokin Labbo. Sai matar nan da take jin motsin faifai daga bayan gida ta karkato kai ta ce, "Kunnena ya yi nauyi, ƙara hwaɗi." Na ƙara. Ta ce har yanzu ba ta ji ba. Na faɗa da ƙarfi, yadda aka yi a fili, har da na tasha. Ta lumshe ido, ta gyaɗa kai, ta ce to, in shanye furata.

Ƙungiyar ba ta kai wata kakar ba. Ƙwallon Ɗanjuma ta fashe, Sanusi ya koma gyaran babur. Yanzu in na je gida nakan ga yara a filin nan sanye da riguna masu sheƙi da sunayen garuruwan da ba za su iya nunawa a taswira ba, kuma ba uban da zai saki ɗansa ya hau hanyar Zurmi ko Moriki don wasan ƙwallo, saboda halin da hanya take ciki. Matata takan kira sunana daga ɗaki zuwa ɗaki, ban kuma taɓa jin haushi ba, zamani ne. Iya ta rasu ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Da aka haifa min ɗan fari na sa masa Labbo, Innata ta koma ce masa mai sunan Malam. Ni kuwa da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, har sau biyu ko da ya amsa tun a na farko.