Injin Zuciya da Shanun Huɗa

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda sai na yi dogon tunani kafin in tuno su, amma wannan ko na so in manta shi ba zai bar ni ba. A Daura ya faru, a shekarun farko bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, bayan na gama bautar ƙasa.

Injiniyan lantarki na karanta. Na daɗe ina yawo da takardu kafin wani dattijon likita, aminin mahaifina, ya ɗauke ni aiki a ƙaramin asibitinsa. Aikina kula da na'urori ne: janareto, firij ɗin allurai, fitilun ɗakin tiyata, da wani inji da ake ji da shi, mai faifan ƙarfe biyu da ake dannawa a ƙirjin mutum a ba shi wuta idan zuciyarsa ta rikice tana neman tsayawa. Injin zuciya muke ce masa.

Wata safiya ina gwada shi na ga ɗaya faifan ya yi tsatsa, wayarsa kuma ta tsage a wuya. Da na saki wutar gwaji sai na ga tartsatsi da idona. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Amma ni mutum ne da ba na iya kallon babba in gaya masa magana tsaye, balle wanda ya riƙe ni ranar sunana. Na same shi a ofis, na durƙusa na gaishe shi, muka yi ina gajiya da ya mutanen gida, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, wancan injin kamar dai yana son a ɗan duba shi, in an sami dama."

Bai ɗago daga takardar da yake rubutu ba. "To, Injiniya, Allah ya kai mu."

Na fito ina jin na sauke nauyi. Na naɗe wayar da salatif, na mayar da injin wurinsa. Yau idan na tuna, sai in ga ban faɗi komai ba. Abin da ya kamata in ce shi ne kada a taɓa injin nan sai an gyara.

Bayan kamar mako uku, da hantsi, aka kawo wani manomi daga wani ƙauye a ƙasar Zango. Ciwon ƙirji ya kama shi a kasuwa, ƙanensa ya riƙo shi a bayan babur. Ana cikin duba shi ya sheme. Nas ta yage masa riga, ta goge ƙirjin da sifirit, likita ya ɗauki faifan. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe baki, na rufe. A raina na ce wataƙila salatif ɗin zai riƙe, kuma ai rai ake ƙoƙarin ceta.

Zuciyar ta dawo. Amma tartsatsin ya kama sifirit ɗin da bai bushe ba, ya kama ragowar rigar. Kafin a kashe wutar ta cinye shi daga ƙirji zuwa hammatar dama.

Ya yi sama da wata guda a kwance. Kullum nakan leƙa shi, ina ce wa kaina zumunci ne, alhali na san abin da ke kai ni. Mutum ne mai barkwanci. Da ya hango ni sai ya ce, "Injiniya, shigo. Kun dawo da ni duniya, amma sai da kuka gasa ni tukuna. Ko yaji ba ku barbaɗa ba!"

"Baba, Allah ya ƙara sauƙi," iyakar abin da nake iya cewa ke nan.

Da ciwon ya warke sai fatar ta tattare, ta ɗaure hannun da jiki, ba ya iya ɗaga shi ya wuce kafaɗa. Manomi ne mai shanun huɗa biyu, da su yake noma gonarsa ya kuma yi wa mutane ƙwadago. Aka ce sai an yi masa wani aiki a Kano kafin hannun ya saki. Ƙanen nasa, mai zafin kai ne, ya kai ƙara kotun shari'a yana neman diyyar rauni, ko don a samu a yi aikin kafin damina.

Alƙali ya fara da neman sulhu. Ya yi bayani a fili, yadda kowa zai gane: idan an san injin da lahani aka yi amfani da shi, sakaci ne, kuma akwai biya a kan asibiti, idan kuwa ba wanda ya sani, to abin ya fi kusa da tsautsayi, sai abin da mai haƙƙi ya ga dama. Likita ya ce shi dai ba a taɓa gaya masa injin ya lalace ba. Ina zaton har zuciyarsa haka ya ɗauka, domin ni ma ba zan rantse cewa na gaya masa ba. Sai aka kira ni.

"Malam, kai ke kula da injin nan?"

"Ni ne, Allah gafarta malam."

"Kafin ranar, ka san yana da lahani?"

Na dubi likita, ya sunkuyar da kai, farin gemunsa a kan ƙirji. Na tuna mahaifina, na tuna shekarun da na yi ba aiki. Sai na ji bakina yana cewa, "To, inji ne dai na hannu, kuma irin waɗannan ba a rasa su da 'yan abubuwa. Amma in ce tabbas shi ya jawo, gaskiya zai yi mini wuya."

Ƙanen ya miƙe. "Kai malam, ana tambayarka e ko a'a, kana ta zagaye kamar mai neman aure!"

Alƙali ya tsawata masa. Sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Allah gafarta malam, a bar maganar. Yaron nan ya yi karatu, kuma kullum yana zuwa gaishe ni. In da ya sani da ya faɗa. Tunda ba wanda ya sani, na yafe. Ai sun ma taimake ni."

Aka yi addu'a aka tashi. Likita ya yafe masa kuɗin gado, kowa na yaba wa kowa. Ban yi ƙarya tsagwaronta ba, da haka na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Washegari na cire faifan da hannuna na kulle a durowa, abin da ya kamata in yi tun farko.

Bayan shekara shida, na riga na bar asibitin, likita ma ya rasu, wani aikin sanya fitilu masu amfani da rana ya kai ni ƙauyensu. Damina ce, ana huɗa. Na tambaya aka nuna mini shi a bakin wata gona, zaune a gindin gawo, yana kallon wani yana huɗa masa. Ya tsufa ƙwarai, hannun na nan a manne.

"Injiniya! Yau kuma wa za a gasa?"

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Na tambayi shanunsa. Ya ce an sayar da su tun a shekarar, aka tafi Kano, kuɗin bai kai a yi aikin ba, ya ƙare a magani da mota. Yanzu sai ya jira masu shanu sun gama nasu, sannan a zo masa, shuka ta riga ta makara.

Nan na gaya masa komai: tsatsar, tartsatsin, salatif ɗin, da yadda na tauna magana a gaban alƙali. A karon farko a rayuwata ban sa "wataƙila" ko ɗaya ba.

Ya bi mai huɗar da kallo har ya kai ƙarshen kunya ya juyo. Sannan ya ce, "Ɗana, ni fa saboda kai na yafe. Ƙanena ya yi wata biyu ba ya yi mini magana, ina ce masa mai ilimi ba ya ɓoye gaskiya." Ya shafa hannun. "Wancan na yafe abin da ban sani ba ne. Wannan da ka kawo yanzu, ka ba ni lokaci."

Na roƙe shi ya bari in saya masa ko saniya guda. Ya yi murmushi ya ce, "Da wane hannun zan riƙe garmar?"

Na koma sau biyu bayan nan. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo mini fura, amma bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Zuwa na uku gaisuwar rasuwarsa na je. Har yau ban san ko lokacin da ya nema ya ishe shi ba.

Abin da na koya shi ne, ladabin da zai hana ka faɗin abin da ka gani da idonka ba ladabi ba ne, tsoro ne, kuma wani ne ke biya. Har yanzu ni mai kaffa-kaffa ne a magana, ba na jin zan canza. Amma in na ga waya ta tsage, ko a gaban wa nake, cewa nake yi ta tsage.