Yaya Turid Da Igwar Dawowar Rana

Ranar Laraba, ashirin da biyu ga watan Janairu, da tsakar rana, Allah ya karɓi ran yayata Turid Eliassen a gidana da ke garin Vardø, can ƙuryar arewacin ƙasarmu, tana da shekara sittin da takwas. Ciwon dajin fata, wanda likitoci ke kira melanoma, shi ya zama ajalinta. Ta baro gidanta na kudu ta dawo garin da aka haife mu saboda buri guda: ta ji ƙarar igwar da sojoji ke bugawa a tsohuwar ganuwa ranar da rana ta sake bayyana bayan wata biyu na duhu. Abin da ta roƙa ke nan, ba ta roƙi wani abu bayansa ba.

Yaya, ke kika fara nuna mini rana. Ban shiga makaranta ba tukuna lokacin da aka buga igwa wata shekara, aka saki 'yan ajinku kamar yadda aka saba. Sauran yara suka nufi tudu, ke kuwa kika sheƙo gida a guje, kika saɓa ni a baya ko safa ban gama sawa ba, kika hau da ni kina haki. Kika ce, "Buɗe ido, raguwa, ga ta can!" Na ga wani jan abu yana leƙe a bakin teku, na ce ai wannan bai kai burodin da Mama ta gasa ba. Har muka tsufa ba ki daina yi mini gorin wannan magana ba.

Bayan teku ya ci Baba, ke kika bar karatu kika shiga kamfanin yankan kifi don ni in ci gaba da nawa. Hannayenki suka faffashe da ruwan gishiri da sanyi, ban taɓa jin kin ambata ba. Abu ɗaya kike faɗa kullum in kin dawo kina karkarwa, wai wata rana za ki je inda mutum zai cire riga a waje bai mutu ba. Mama takan ce ki yi wa bakinki linzami. Da Sverre ya zo aiki a jirgin ruwa, ɗan kudu mai sanyin murya wanda ko zagi bai iya ba, kika aure shi, kika bi shi zuwa garin Lillesand a lardin Agder. Na yi kuka har na gode Allah, kuma na yi fushi da ke tsawon damina guda.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ke kin ƙaryata masu wannan magana. Garinmu ko bishiya ba ta tsiro a cikinsa, don haka duk kaka sai jirgin ruwa ya sauke kwalayen tuffa daga lambunki, kowace an naɗe ta a tsohuwar jarida, a raba wa layinmu gida gida. Duk ɗan Vardø da karatu ko jinya ta kai shi kudu, ya san akwai gado da miyar kifi a gidan Turid. 'Ya'yana kuwa duk hutun bazara a wurinki suke yi. Kina cewa, "Turo mini su su sha rana, kin bar yara fari fat kamar cikin kifi."

Kin so rana irin son da mai yunwa ke yi wa abinci, kuma ban ga laifinki ba, don na san inda kika fito. Daga Mayu zuwa Satumba kina kan falalen dutse a bakin ruwa, kin shafe jiki da man gyaɗa kamar yadda kowa ke yi a zamanin, kina juyawa gaba da baya. Hutun Ista ku hau duwatsu, ki jingina da bangon bukka kina ɓare lemo, rana na dukanki ta sama, ƙanƙara na mayar miki da ita ta ƙasa. Kafaɗunki su ƙone su saɓule, ki ce ai sabuwar fata ce ke tafe. In kin zo mana ziyara jawur da ke, matan gari su yi ta taɓa hannunki suna sha'awa. Ni ma na taɓa, kuma na yi sha'awa.

Da aka fara maganar ciwon nan a rediyo da jaridu, sai aka ce ba daidai yake kama mutane a ko'ina ba. Lardunan kudu na bakin teku, irin su Agder, su ne a gaba, namu na Finnmark kuwa can ƙarshen layi, har masu kamuwa a can sun ninka na nan. Kika kira ni a waya kina dariya, kika ce, "Bodil, yau dai mun samu abin da muka fi 'yan kudu sa'a a kai." Daga nan kika tasa maƙwabtanki a gaba. Duk wadda kika ga wata tawadar Allah a jikinta ta canja launi ko ta yi faɗi, sai kin sa ta a mota kin kai ta wurin likita, ko tana so ko ba ta so. Maƙwabciyarki Aslaug tana raye yau saboda wannan naci naki, kuma ita da bakinta take faɗa. Amma in aka ce ke fa, sai ki kaɗa hannu ki ce, "Ni 'yar Finnmark ce, ciwon 'yan kudu bai san sunana ba." Wanzami dai ba ya son jarfa.

Taki tawadar a tsakiyar baya take, inda mutum ba ya gani sai an gane masa. Sverre ya riga ya rasu, gidan ya zama ke kaɗai, babu mai cewa juya in gani. 'Yarki Ingunn ce ta lura, ranar bikin ƙasa na watan Mayu, tana taya ki sa kayan gargajiya, ta ga ɗigon jini a farar rigar ciki. Kika ce ƙugiyar riga ce ta karce ki. Ingunn ba ta yi gardama ba, ta dai ɗauko makullin mota washegari, kamar yadda ta ga uwarta na yi wa mutane.

Ko a gaban likita sai da kika kawo hujjarki, kika gaya masa inda aka haife ki. Ingunn ta ce mutumin ya amsa miki a hankali, "Baiwar Allah, lissafin nan ba ya tambayar inda aka yanke wa mutum cibiya. Inda ya zauna ya sha rana yake bi, kuma fatar da kika zo da ita daga arewa ba ta fi ta kowa ƙarfi ba." Da kika kira ni a ranar, muryarki ba ta ko rawa. Kika ce, "Shekara arba'in da wani abu ina ƙin zama 'yar kudu, yau ciwo ya yi mini rajista." Ni ce na fashe da kuka, ke kina lallashina.

An yanka, an yi magani iri iri, ya lafa har muka fara sakin jiki, sannan ya ɓullo a hanta da huhu. Da watan Disamba ya kama, likitoci suka daina maganar warkewa. Ingunn ta so ki zauna kusa da asibiti, kika ce a'a. Kika ce 'yan kudu sun rubuta ki a cikin nasu, amma ba za su binne ki a cikin nasu ba, kuma ba za ki tafi ba sai kin ji igwa sau ɗaya tak. Ingunn ta ce, "Mama, can fa duhu ne yanzu." Kika ce, "Na sani, ai shi ya sa ake buga igwar." Haka aka sauko da ke daga ƙaramin jirgi a kan kujera, mijina Alf ya ɗauke ki cak zuwa mota. Da muka kaɗaice ya ce mini bai taɓa ɗaukar babban mutum marar nauyi haka ba.

Muka sa miki gado a falo, daidai tagar da ke kallon kudu. Gari ya yi ta zuwa gaisuwa, amma babu wanda ya sha kofi a banza. Duk wanda ya shigo sai kin ce, "Ajiye kofin, juya, ɗage riga." Tsofaffin masunta da ba su taɓa tuɓewa a gaban matansu da fitila a kunne ba, suka yi ta tsayawa a falona suna gunaguni. Ɗaya ya ce, "Haba Turid, ai an ce mu nan ba ya kama mu." Kika ce, "An ce kaɗan yake kamawa, sarkin taurin kai, ba a ce ba ya kamawa ba. Kai da ke zuwa Spain duk sanyi kana gasa tumbi, juya mini." Fasto ma bai tsira ba. Ni kuwa ke kika duba ni da kanki, da yatsunki masu sanyi, tun daga ƙeya har ƙugu, kika sa Alf ya yi alkawarin zai riƙa duba mini duk wata.

Wata rana ina shafa miki mai a ƙafa na tambaye ki ko ba ki jin haushinta. Kika ce wa? Na ce ranar mana, wadda ta yi miki wannan aiki kike kuma zaman jiranta. Ni dai na tsane ta a lokacin, ban ɓoye miki ba. Kika ce, "Wa ke fushi da murhu don ya ƙone shi? Ni na matsa kusa da yawa, kuma babu wanda ya gaya mana da wuri. Amma Bodil, na ji ɗumi a rayuwata. Kada ki ce ban ji ba."

Lokacin fitowar rana ya yi, sai hadari ya taso daga teku ya rufe sama, iska da dusar ƙanƙara ba dare ba rana. Kowa ya san ƙa'ida, ba a buga igwa sai an ga rana da ido, cikakkiya, ta rabu da ruwa. Kullum da hantsi sai ki ce a ɗaga ki a jingina da matashi, a janye labule, ki zuba wa tagar ido har ɗan hasken ya dushe. Kin daina cin abinci, ruwa ma sai a cokali. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida ta ja ni kicin ta ce ba ta san abin da ke riƙe da ke ba. Ni na sani.

Ranar Talata Alf ya kasa jurewa. Ya raɗa mini cewa zai je ganuwa ya roƙi babban sojojin, ko sau ɗaya a buga saboda ke, tunda lokaci ya riga ya yi kuma ranar tana nan a bayan hadari. Yana ɗaure igiyar takalmi muka ji muryarki, mu da muka ɗauka barci kike. Kika ce, "Alf, cire takalman nan." Ya ce, "Yaya, iska kawai zan sha." Kika ce, "Tun kana saurayi ba ka iya ƙarya ba. In aka buga, yara za su fito a guje su ɗaga kai, me za su gani? Na tsaya a tudun nan, na san yadda abin yake. Ba za a yaudari yaran gari saboda tsohuwa ɗaya ba. In ta fito ina nan, to. In ba ta fito ba, ku ji mini." Alf ya zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa yana kuka kamar yaro.

Washegari kika tafi, fuskarki na kallon taga, hannunki ɗaya a nawa ɗaya a na Ingunn.

Ranar Juma'a iska ta kwanta. Ina tsaye ina goge rigar da za a sa miki, sai tagogi suka girgiza. Kafin ƙara ta biyu ta tashi har na ajiye dutsen guga na nufi falo ina cewa, "Yaya, kin ji?" Gadon yana nan an yaye zanin, ga wani siririn haske ya kwanta a kan katifa, daidai inda kanki yake zama. A waje yara suna ihu suna gudu zuwa tudu, wata ta goyo ƙaninta. Kwana biyu kawai, Yaya. Na san ba a jayayya da hukuncin Ubangiji, amma zuciyata ta karye, kuma ban san ranar da za ta ɗinku ba.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya saka miki da alherin da kika yi wa na gida da na waje. Ya ba ki hutawa a wurin da babu ciwo, cikin hasken da ba ya ƙuna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ingunn da mijinta da 'ya'yansu, da dangin Sverre, da Aslaug da sauran matan Lillesand da suka riƙe ki kamar 'yar'uwa, da mutanen Vardø da suka cika mini gida. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Wanda duk ya san Turid, na kudu ne ko na arewa, in yana son ya girmama ta, ya nemi wanda zai duba masa bayansa.

Rana ta dawo, Yaya, cikakkiya, ba a yaudari kowa ba. An buga igwa, kuma na ji miki.