Ranar da na ƙi ɗanɗana gorona

"Ɗan Asabe, fasa wannan ka ɗanɗana mana," in ji Alhaji Sule, babban mai sayen gorona a Agege.

Na ce, "Alhaji, na daina."

Farkon dawowar mulkin farar hula ne. Likita ya haɗa ni da injin hura iska, saboda numfashina na ɗaukewa cikin barci. Kullum sai in tashi bakina a bushe ƙamas, goro kuma ƙara busar da shi yake.

"Dillalin da ba ya cin hajarsa? Zan canza wuri."

"Canza, Alhaji. Lokacin da nake wuni ina tauna, ba kai kake tashina daga gyangyaɗi kan huhun goro ba?"

Ya tafi, bai dawo ba. Ni kuwa ga ni, har yau ina numfashi.

Ku fa, wa kuka bari ya tafi saboda lafiyarku?