Layin da Ban Karanta wa Habboba Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, labari ya iso mana Gadarif ta Sudan cewa ka rasu a Sikotland, Kawu Abdulmuminu. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni na ɓoye wa mahaifiyarka ciwonka.

Habboba, kamar yadda mu jikoki muke kiranta, ba ta karatu, ni nake karanta mata saƙonninka. Shekara uku kana cikin maginan da ke tayar da wata tsohuwar hasumiyar dutse, gidan wasu masu sarauta na shekara ɗari biyar da suka wuce. Ka same ta ba rufi, tsuntsaye na kwana a ciki. Ka ce kaurin bangonta ya fi tsayin mutum, tagoginta tsaga ne kawai na harbi. Matakalarta tana murɗawa dama, wai don mai gida ya samu sararin sara da takobi in maƙiya sun hauro. Ni kuwa a raina sai na sa wata budurwa a hawa na biyar tana jiran masoyi, irin na littattafan nan da ka riƙa saya mini a kasuwa a ɓoye, kana cewa, "Zaituna, kar ki bari uwarki ta gani."

Da ƙurar farar ƙasa ta kama ƙirjinka, ka daina aiko murya. Ka rubuto: "Gaya wa Inna ina tari. In ta ce in dawo, zan dawo." Wallahi na gani. Na tsallake layin, na karanta mata labarin rufi, don ina so a gama hasumiyar in ga hoto.

An gama. Sun shafe ta fari tas, baƙi na kwana a cikinta. A ƙofa an kafa allo da sunayen waɗanda suka gina ta da waɗanda suka ƙone ta. Na yi ta ƙara girman hoton allon a waya har ya dushe, babu sunanka. Kai da ka gyara rabin katangun unguwarmu bayan kowace damina, ko shayi ba ka tsayawa sha.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka a ƙasar sanyi, ya ba Habboba da Anti Hajar matarka haƙuri.

Habboba tana ta cewa, "Da ya faɗa mini, da na kira shi gida." Takardar nan zan miƙa wa Kawu Awad ya karanta mata da bakinsa. Ni zan zauna a gabanta har ya kai ƙarshe.