Malam Junaidu, Sun Kwashe Zauren

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Junaidu Mode na Taloka, tsohon malamin gona a aikin noman rani na Goronyo, bayan gajeriyar jinya. Ni Halilu, abokin dararsa tun lokacin da aka fara sakin ruwan madatsa, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

A maƙabarta na ji wani yana cewa, "Bawan Allah, bai taɓa musu da kowa ba." Malam, da kana iya tashi da ka ƙaryata shi nan take. Wa ka bari a garin nan? Ka ce tuwon shinkafar da madatsa ta kawo mana ba ya riƙe ciki, gero ne abinci. Ka ce miyar da aka hana wa daddawa aka jefa mata dunƙulen kanti an ci amanarta. Waƙar waya kuwa, wadda inji ke gyara wa mawaƙi murya, ko jin ta ba ka son yi. In babu goge ko kalangu a hannun mutum mai gumi, kai a wurinka hayaniya ce. Ludo ka ce wasan wanda ba ya son tunani ne. Har mutanen gari suka sa maka suna Rediyo, amma a tabarmarka suke zama, furarka suke sha.

Haraji ba ka taɓa gudunsa ba. Ranar kasuwa kai ne kake fara biya, sannan ka riƙe hannun mai rasit: "To na biya. Wace magudana za ku yashe da shi, in tahi in gani?" Ba su taɓa amsa maka ba, kai kuma ba ka taɓa fasa tambaya ba.

Duk wannan surutu ne, kuma ya tafi da kai. Abin da ka bari a hannunmu zaurenka ne, kuma saboda shi nake rubutun nan raina a ɓace. Littattafan da ka tara tun kana saurayi, na Larabci da na boko, suna nan jere a kan katako, duk mai so ya ɗauka. Ka ce littafin da ba a ara ba mushe ne. Da ka yi ritaya ka samo tsofaffin kwamfutoci biyu da wani ofis ya yar, ka sa musu manhajar kyauta, irin wadda masu ita suka yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Aka yi ta kawo maka ta sata daga birni, ka ƙi. "Ga wadda anka ba ni da zuciya ɗaya, awa irin albasa daga hannun maƙwabci. Mi zan yi da ta sata?" A kansu 'ya'yan Taloka da na Giyawa suka koyi taɓa kwamfuta kafin su tafi jarrabawa, ba ka karɓi ko godiyar kirki ba.

Bara da damina muna dara a gindin darbejiya, ni da kai da maƙwabcinka Sale, ka ɗaga kai ka ce, "Ku shaida, zauren ga da abin da ac cikinai waƙahi na, na bar ma ɗiyan gari." Na ce ka rubuta. Ka yi dariya, ka ce bakin Musulmi biyu ya fi takarda. Kai da ka ƙare rayuwarka cikin takarda! Wannan ra'ayin naka, Malam, shi ne mafi muni cikin duk waɗanda ka taɓa yi, kuma ina jin haushinka a kai har yanzu.

Ranar da aka binne ka aka kwashe zauren don zaman makoki, ban hana ba, haka ake yi. Littattafan Larabci aka naɗe da zane aka kai gidan liman da ladabi. Na boko aka zuba a buhuna aka jingine a bayan madafi. Bayan addu'ar uku na tayar da maganar waƙafi a gaban liman da babban ɗanka Mu'azu. Liman ya ce bakina ni kaɗai bai isa ba, ya waiwayi Sale. Sale ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

"Ni dai dara nika yi. Malam kullum shina magana, wa ka iya riƙe duk abin da yac ce?"

Ban san dalili ba sai da na ga jakuna ɗauke da albasar Sale a ƙofar gidanka. Kakar albasa ce, kowa yana neman inuwar da zai ajiye tasa, kuma Mu'azu ya yi wa Sale alkawarin rabin zauren. Kwamfutocin suna ƙarƙashin gado a cikin gida.

Ranar sadakar bakwai aka soya masar sadaka aka raba wa jama'a. Matan gida sun nemi takardar ƙunshi, ga buhuna a bayan madafi, ba rubutun Larabci ba ne balle a ji tsoron taɓa shi. Ba na zargin maiɗakinka Uwaliya. Tana takaba, ba ta ma san an yi ba. Aka miƙo mini nawa ƙunshin da zafinsa. Na buɗe, na ga shafi ne daga wani littafin noman rani, mai ya jiƙa shi. A gefensa ga rubutunka da jan biro, inda kake musu da marubucin: "Ban yarda ba. Ya zo Taloka ya gani."

Na ci masar, domin sadakarka ce.

Allah ya jiƙanka, Malam Junaidu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Allah ya rubuta maka ladan waƙafin nan cikakke, shi da ya ji ka ba ya bukatar shaida na biyu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Uwaliya, Allah ya ba ta haƙuri, da Mu'azu da ƙannensa, Allah ya shirya mana su. Sale kuma, Allah ya dawo masa da tunaninsa kafin a tambaye shi a inda ba a sunkuyar da kai. Ta'aziyyata mafi nauyi ta 'ya'yan garin nan ce, waɗanda aka yi wa rashi biyu cikin mako guda, babu kuma wanda ya je yi musu gaisuwa.